Muhawara: Shin Gwajin Atomatik Zai Iya Tabbatar da Tarkon Sa Ido a Manhaja Mai Zarurruka da Yawa?

Injiniya: Assalamu alaikum, jama'a. Ina so in ajiye wata magana a gabanku, kuma na san akwai waɗanda ba za su yarda da ita ba. Tarkon sa ido da dibaga (manhajar farautar kuskure a cikin wata manhaja) ke ɗanawa a kan wani gurbi na memori, wato abin da umarnin watch ke yi a dibagar GDB domin manhaja ta tsaya da zarar an canza abin da ke gurbin, a ganina ba a iya yi masa gwajin atomatik da za a dogara da shi muddin manhajar tana da zarurruka da yawa, wato sassan aikinta da ke gudu a lokaci guda. Kanel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, shi ne ke yanke hukuncin zaren da zai yi gudu da lokacin da zai yi, kuma ba ya shawara da mai gwaji. Gwajin da yau zai ce PASS gobe ya ce FAIL alhali ba a canza ko harafi ɗaya ba, illarsa ta fi amfaninsa yawa, domin yana koya wa ma'aikata su riƙa kallon FAIL suna wucewa. A cire irin waɗannan gwaje-gwaje, a bar mutum ya zauna ya duba da hannunsa kafin a fitar da sabon zubi.

Ɗalibar digiri na biyu: Wa alaikumus salam, Injiniya. Tunda gwajina ne ya jawo wannan magana, bari in bayyana yadda yake. Zare biyu ne suke ƙara ɗaya-ɗaya a kan lamba guda, na ɗana tarko a kan lambar, sannan gwajin yana ƙirga sau nawa GDB ta tsaya, ya kwatanta da sau nawa aka yi rubutu. Da sassafe yakan wuce a mafi yawan lokuta. Da azahar kuwa, a zafin Afrilu na Sakkwato da kowa ya sani, idan fankar laftof ta soma kuka har furosesa ta rage gudunta don kada ta ƙone, sai ƙirgen ya riƙa zuwa da giɓi. Duk da haka ban yarda a cire shi ba sai mun san dalilin giɓin.

Malam: 'Yata, kafin a je ga giɓin, akwai tambayar da ya kamata kowane gwaji irin wannan ya fara amsawa: wane irin tarko GDB ta ɗana? Iri biyu ne. Akwai wanda furosesa da kanta ke riƙewa. A dangin x86, tun daga Intel 80386 ta shekarar 1985, akwai rijistoci huɗu, DR0 zuwa DR3, da ke riƙe adireshin da ake tsaro, DR7 tana faɗin girman gurbin da irin taɓawar da ake jira, DR6 kuma tana nuna wanne ne ya kama. Kowace rijista tana tsaron bayit 1, 2, 4 ko 8, kuma dole adireshin ya zauna daidai kan iyakar girman nan. Akwai kuma tarkon da dibaga ke kwaikwaya, inda take tafiyar da manhaja umarni ɗaya bayan ɗaya tana duba gurbin bayan kowane taki. Littafin jagoran GDB da kansa ya yi gargaɗi cewa wannan na biyu amfaninsa kaɗan ne a manhaja mai zarurruka, domin zare ɗaya yake bi. Kamar mai gadi ne da ya ƙura wa mutum ɗaya ido a kasuwa, ba ya ganin hannun da ya zo ta bayansa. Saboda haka gwajin ya fara tabbatar da cewa saƙon da GDB ta fitar ya soma da Hardware watchpoint, idan kuwa bai ga haka ba, ya rubuta UNSUPPORTED ya tsaya, maimakon ya ci gaba ya ɗora laifi a inda babu shi.

Ɗalibar digiri na biyu: Na furosesa ne, Malam. Gwajin yana duba wannan tun layin farko.

Malam: To, ina ganin giɓin yana cikin abin da gwajin ke tsammani. A x86 tarkon yana kamawa ne bayan an riga an yi rubutun. A ce lambar tana kan 4. Zare na farko ya rubuta 5, kanel ya tsayar da shi ya sanar da GDB. A tsarin da GDB ke bi in ba a canza mata ba, sauran zarurruka ba sa tsayawa nan take, akwai ɗan jinkiri kafin ta karanta gurbin, kuma a cikin ɗan wannan tsakani zare na biyu, wanda ke gudu a wani kai (core) na furosesa, yana iya rubuta 6. GDB ta karanta, ta ce tsohuwar ƙima 4, sabuwa 6. Da ta juya kan sanarwar zare na biyu da ke jira, sai ta tarar gurbin yana nan kan 6 da ta riga ta sani, kuma umarnin watch ba ya tsayawa sai ƙima ta canza, don haka ta wuce shiru. Rubutu biyu, tsayawa ɗaya, kuma dibaga ba ta saɓa alkawarinta ba. Da zare na biyu ya mayar da lambar 4 ne, da ba za ta tsaya ko sau ɗaya ba.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, ai maganata ce ka tabbatar. Idan sahihiyar dibaga tana iya ba da ƙirge daban-daban a kan manhaja ɗaya, da me injin gwaji zai bambance ta da mai kuskure? Sannan abin da ka bayyana na x86 ne kaɗai. A allunan ARM masu bit 64 da nake aiki da su, tarkon yana kamawa kafin a aiwatar da umarnin, sai dibaga ta janye shi, ta taka umarnin, sannan ta mayar da shi ta karanta ƙima. Yawan rijistocin ma ya bambanta daga furosesa zuwa furosesa. Kuma x86 ba ta da tarkon karantawa zalla, sai na rubutu ko na karantawa da rubutu a haɗe, shi ya sa rwatch, umarnin tsayawa idan an karanta gurbi, a can dabara ce GDB ke yi. Gwaji ɗaya ba zai ɗauki duk wannan ba.

Mai kula da saba: Yallaɓai Injiniya, ina tare da kai a kan cewa FAIL da ake sabawa da shi haɗari ne, amma yawancin tangal-tangal da nake gani idan na kunna gwaje-gwaje da dare ba daga zarurruka yake fitowa ba. Gwaje-gwajen GDB a kan tsarin gwaji na DejaGnu aka gina su, shi kuma a kan Expect da harshen Tcl, kuma aikin Expect shi ne ya tura umarni ya jira rubutun da ya dace da wani tsari, daƙiƙa 10 in ba a ƙara masa ba. Idan saba tana ɗauke da kaya, amsa daidai tana iya zuwa a makare a ce ta faɗi. Wani lokaci kuma tsarin da aka rubuta ne yake kama rabin saƙo, ya dogara da yadda rubutun ya iso, a dunƙule ko a gutsure. Masu GDB sun san da wannan, shi ya sa suke da make check-read1, wanda ke tilasta karanta bayit ɗaya-ɗaya domin a tona irin wannan rauni, da kuma RACY_ITER, wanda ke maimaita gwaje-gwaje ya ware waɗanda sakamakonsu ke sauyawa. Waɗannan duka gyara ake yi musu. Kuma idan matsalar rashin maimaituwa ce, akwai rr da Mozilla ta fitar a 2014, tana naɗar gudun manhaja ta sake kunna shi daidai yadda ya faru.

Injiniya: Maganar Expect na karɓa. Ta rr kuwa ban karɓa ba. Tana iya maimaita gudu ne saboda tana tara duk zarurruka a kai ɗaya na furosesa, ɗaya ya yi gudu saura su jira, ke nan yanayin da zare biyu za su faɗa tarko a lokaci guda, wanda shi ne muke tsoro, ba zai taso ba. Bayan haka, lokacin sake kunnawa GDB da rr take magana ta hanyar yarjejeniyarta ta nesa, ba da kanel kai tsaye ba, don haka sashen GDB da ke rubuta rijistoci ta ptrace, hanyar da kanel ke ba dibaga ta sarrafa manhaja, bai shiga gwajin ba sam. Kayan aiki ne mai kyau ga wanda ke farautar kuskure a manhajarsa, amma mu dibaga muke tuhuma.

Ɗalibar digiri na biyu: Bayanin Malam ya nuna mini hanyar da nake ganin ta amsa tambayarka, Injiniya. A ba kowane zare gurbinsa shi kaɗai, a ɗana tarko a kan kowanne. Tunda mai rubutu ɗaya ne, kuma kanel yana tsayar da shi nan take bayan rubutun, lambar ba ta da yadda za ta motsa sai GDB ta sake shi. Saboda haka kowace sanarwa a kan wannan gurbi dole ta nuna sabuwar ƙima ta fi tsohuwa da ɗaya tak, ko wane zare ya riga wani, ko furosesa tana gudu ko tana rarrafe. Gwajin ba zai tambayi wanda ya fara ba. Zai tambaya ko an tsallake lamba, kuma ko zaren da aka ambata shi ne mai gurbin. Idan aka ga 7 ta koma 9, to dibaga ta jefar da wata sanarwa da ke jira, kuma wannan FAIL ɗin gaskiya ne ko da sau ɗaya ya bayyana.

Malam: Madalla. Kuma wannan ba baƙon tunani ba ne, a cikin gdb.threads, jakar gwaje-gwajen zarurruka ta GDB, akwai watchthreads.exp da 'yan uwansa da ke bin zarurruka masu ƙara lambobinsu. Zan ƙara da wani yanayi da gwajin hannu ba zai taɓa kamawa yadda ya kamata ba. A Linux rijistocin tarko na kowane zare ne daban, dibaga ce ke da alhakin rubuta su ga kowa. Idan manhaja ta haifi sabon zare bayan an ɗana tarko, dole GDB ta samu labarin haihuwarsa ta rubuta masa rijistocin kafin ya taka umarninsa na farko. Gwajin wannan mai sauƙi ne: a ɗana tarko, a haifi zare wanda aikinsa na farko shi ne rubutu a gurbin, a jira tsayawa. Amsa ɗaya ce daidai. Haka nan idan ana son zare biyu su iso tarko kusan tare, ana tara su a shinge da pthread_barrier_wait a sake su lokaci guda. Mutum da ke danna maballi, Injiniya, jinkirin yatsansa kaɗai ya isa ya ɓoye duk wannan.

Injiniya: Malam, shingen nan ma ina da ja a kansa. Yana kawo su bakin ƙofa tare, amma ba ya tabbatar da cewa sun shiga tare. A injin kwaikwayo da aka ba kai ɗaya, gwajin zai ce PASS har abada ba tare da yanayin da aka rubuta shi dominsa ya taɓa faruwa ba. Na sauka daga cewa a cire su duka, domin gwajin ƙanwata na gurbi ɗaya ga zare ɗaya ba shi da FAIL na ƙarya, na yarda da haka. Abin da ban sauka daga kansa ba shi ne, PASS ɗinsa ba shaida ba ce cewa dibaga tana riƙe sanarwa biyu da suka zo tare.

Mai kula da saba: Wannan ana iya auna shi. Idan aka kunna set debug infrun, GDB tana fitar da bayanin sanarwar da ta ajiye tana jira. Gwajin ya ƙirga sau nawa hakan ya faru a cikin maimaicinsa, idan bai faru ko sau ɗaya ba ya rubuta UNTESTED maimakon PASS. Sai dai rubuta wannan bayani yana cin lokaci, kuma lokacin yana iya canza yadda zarurrukan ke haɗuwa.

Ɗalibar digiri na biyu: Zan raba gwajin gida uku: na sabon zare, na gurbi ɗaya ga zare ɗaya, da na gurbin tarayya wanda ba zai ƙirga tsayawa ba, zai duba kawai cewa ƙima ba ta komawa baya idan aka kare ƙarin da makulli. Ba zan wuce tarko huɗu ba saboda x86. Abin da ya rage shi ne allon ARM, Injiniya, domin ina so in ga ko taka umarnin da dibaga ke yi bayan ta janye tarko yana barin wani zare ya yi rubutu ba a gani ba.

Injiniya: Akwai allo mai kawuna huɗu a wurina, zan kawo miki shi ranar Asabar bayan la'asar. Ki kunna gwajin a yanayin da ake tsayar da duk zarurruka, sannan a yanayin non-stop da ya shigo tun GDB 7.0 a 2009, inda saura ke ci gaba da gudu, ki ajiye fayilolin sakamako, gdb.sum da gdb.log, na kowanne daban, domin a na biyun nake zaton za mu sake yin gardama.