Shin substr kaɗai ta isa wajen yanko wani ɓangare na rubutu?

Bello: Ni dai ina kan bakana, substr, wato umarnin kwamfuta mai yanko haruffa bisa gurbinsu, ta ishi mai aikin ƙididdiga. Lambar wayarmu alƙaluma 11 ce. Ka ce a fara daga gurbi na 1 a ɗauko huɗu, ga 0803 ɗinka ta fito. Regex, wato neman rubutu ta hanyar bayyana wa kwamfuta fasalinsa, wahalar da kai ce, wanda ya rubuta ta ma bayan wata guda ba ya gane abin da ya rubuta.

Hadiza: Yaya Bello, kana magana kamar bayanan suna zuwa a tsaftace. Masu tattara mana bayanai wani ya rubuta +234, wani ya bar tazara, Excel kuma ya haɗiye sifirin farko saboda ya ɗauke ta adadi. Ka yanki huɗu sai ka tsinci 8031 ko +234 a hannunka, kwamfuta ko gyaran murya ba za ta yi maka ba.

Bello: Sai a gyara su tukuna, ƙanwata, sannan a yanka.

Hadiza: To da me za ka gyara in ba regex ɗin ba?

Malam Usman: Ku dakata, akwai abin da ya fi damuna. Sunan substr ɗaya ne a manhajojin ƙididdiga irin su R da Stata da SAS, aikin daban. A R, lamba ta ƙarshe da ake ba substr gurbin tsayawa ce. A Stata da SAS yawan abin da za a ɗauko ne. Ku gwada substr("Katsina", 3, 4): R za ta ba ku "ts", Stata ta ba ku "tsin". Na ga ɗalibi ya kwafe layi daga wannan zuwa waccan, ya kwana uku yana neman inda tebur ɗinsa ya karkace.

Hajiya Rabi: Malam, ga na kusa da gida ma. Ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu (bayit ma'aunin ajiya ne a kwamfuta) yake ci a tsarin ajiye haruffa na UTF-8, substr ta Stata kuwa bayit take ƙirgawa. Na taɓa neman harafin farko na sunayen unguwanni, duk wata Ƙofa ta fito a rabe, wata alama marar ma'ana. Tun Stata 14 akwai usubstr, ita ce ke ƙirga haruffa. Abin ya ci min rai, don haruffanmu ne ke lalacewa.

Bello: Hajiya, wannan na karɓa, zan koma usubstr. Amma lambar da hukuma ta tsara, gurbi biyu na jiha, biyu na ƙaramar hukuma, ba zan ɗauko mata regex ba.

Hadiza: Na yarda, muddin ka fara ƙirga tsawon kowace lamba ka ga sun zo daidai. Turo fayil ɗin mu duba tare.