Ɗaukewar al'ada: maganin hormon ko a tsaya ga na gida?

Maman Nafisa: Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah shawara nake nema. Shekarata 49, al'ada ta fara min wasa, ta zo ta ɓace, da dare kuma sai zafi ya taso min daga ƙirji har fuska in jiƙe sharkaf da zufa ko fanka na juyawa, barci ya gagara, da safe abu kaɗan sai in hau yara da faɗa. Maƙwabciyata ta ce in nemi maganin hormon, yayata kuma ta ce kar in kuskura, kansar nono yake kawowa. Akwai wadda ta taɓa sha a cikinku?

Hajiya Balki: Wa alaikumussalam, sannu ƙanwata Allah ya ba ki lafiya. Ni dai ban sha komai ba. Na rage yaji da shayi mai ƙarfi, musamman na dare, ina sa kayan auduga marasa nauyi, ina aje ruwan sanyi kusa da gado, bayan sallar asuba kuma in taka da ƙafa kafin rana ta yi zafi. Bai ɗauke duka ba amma na samu sauƙi sosai. Ki riƙa cin awara.

Inna Zali (Tawa): Nan wajenmu zogale da riɗi da nono munka riƙe, su iyayenmu da su sunka wuce wanga lokaci. Amma gaskiya ni zafin bai matsa mini kamar yadda kika faɗi ba, jiki da jiki akwai bambanci.

Tanti Ramatu (ungozoma): Maman Nafisa, maƙwabciyarki da yayarki kowa ta riƙe ɓangare ɗaya na maganar. Abin da ke faruwa shi ne ƙwan mace ya rage fitar da hormon ɗin estrojen, wato wani sinadarin jiki da ke tafiyar da al'ada, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55, shi ke kawo zafin nan da zufar dare da bushewar gaba, ƙashi ma yana rage ƙarfi a hankali. Maganin hormon yana mayar da kaɗan daga abin da jiki ya rasa, kuma a kan zafin nan babu maganin da ya kai shi aiki. Tsoron kansa ya samo asali ne daga wani babban bincike na Amurka da aka dakatar da sashensa a 2002, da aka ga ƙarin kansar nono da daskarewar jini da shanyewar jiki, to amma matan da aka gwada a kansu matsakaicin shekarunsu 63 ne, da yawa sun daɗe da daina al'ada. Da aka sake duba lamarin sai likitoci suka ce mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfaninsa gare ta yakan fi haɗarinsa. Haɗarin bai ɓace ba fa, yana ƙaruwa da yawan shekarun da aka yi ana sha, shi ya sa ake komawa wajen likita duk shekara.

Maman Nafisa: To Tanti in je farmasi kawai in tambaya? Me sunansa?

Tanti Ramatu (ungozoma): A'a, nan ne nake roƙonku. Duk wadda mahaifarta ke nan ba ta shan estrojen shi kaɗai, dole a haɗa mata da wani hormon ɗin mai suna projesteron, in ba haka ba fatar cikin mahaifa tana kauri har ta iya zama kansa. Wadda aka cire wa mahaifa ita ce ake ba estrojen zalla. Sannan wadda ta taɓa kansar nono, ko jini ya taɓa daskare mata a ƙafa ko huhu, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta, ko tana zubar jinin da ba a san dalilinsa ba, ba nata ba ne, akwai wasu magungunan da ba hormon ba da likita zai iya rubuta mata. Ki je ki ga likitan mata, a Matarnite Issaka Gazobi, asibitin haihuwa na Yamai, akwai su, a auna miki hawan jini a duba nono, ki faɗa masa in akwai kansar nono a danginku.

Zeinabu: Ni ina kai yanzu. Na shafawa aka rubuta min, Oestrogel, wato estrojen ɗin da nake shafawa a hannu, da Utrogestan, ƙwayar projesteron, da dare. Likita ta ce na shafawa bai kai ƙwaya haɗarin daskarewar jini ba. Wallahi na dawo ina barci kamar mutane. Matsalar kawai kuɗi ne tunda kowane wata sai ka saya, kuma wani lokaci sai ka zaga farmasi kafin ka samu, don haka ina saye tun kafin ya ƙare. Da farko nono ya ɗan yi min tsami, daga baya ya daina.

Hajiya Balki: To awarar fa Tanti, banza nake ci kenan?

Tanti Ramatu (ungozoma): Ko kaɗan Hajiya. Waken soya na da sinadari mai kama da estrojen amma mai rauni, wasu matan yana rage musu zafin kaɗan, wasu ba sa ganin komai. Zogale da riɗi da nono da Inna ta ambata suna da kalsiyom, ƙashi na buƙatarsa, tafiya ma haka. Mai zafi kaɗan wannan na iya isarta. Abin da ba na so shi ne haɗe-haɗen da ake tallarsu a WhatsApp a kwalba babu wanda ya san me aka zuba, da kayan matan da ake cusawa, gaba dama ta bushe fatar ta yi laushi, sai su ƙara ƙona ta. Bushewar tana da man sulɓi na farmasi, akwai kuma estrojen ɗin gaba wanda kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini.

Inna Zali (Tawa): Ni tawa ta ɗauke tun tuni, sai watan jiya na ga jini kaɗan, na ce ko ita ce ta dawo.

Tanti Ramatu (ungozoma): Inna kar ki jira. In an yi wata 12 cif ba al'ada, duk jinin da ya biyo baya sai an duba mahaifa, ko ɗigo ne. Sau da yawa ba wani mugun abu ba ne amma hoto da awo ne za su nuna. Ki je asibitin uwa da yara na nan Tawa cikin satin nan. Ke kuma Maman Nafisa tunda taki tana zuwa tana ɓacewa, ciki na iya shiga har yanzu, kuma maganin hormon ba ya hana ɗaukar ciki, ki haɗa da wannan tambayar in kin je.

Maman Nafisa: Na gode ƙwarai Allah ya saka. Zeinabu don Allah ki turo min ta waya wace rana likitarki ke ganin mutane.