Abincin Bakin Titi a Ƙasar Waje: Me Kuka Ci, Ya Kuka Ƙare da Shi?

Uwar Ɗalibi, Kano: Assalamu alaikum jama'a. Ɗana zai tafi karatu Alƙahira bayan Sallah, kuma abin da za mu riƙa tura masa ba zai kai shi gidan abinci kullum ba, a bakin titi zai fi ci. Waɗanda suka zauna a waje, don Allah me kuka samu? Ya tsabta, ya batun halal?

Tsohon Ɗalibin Azhar: Wa'alaikumus salam Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Tun da asuba masu kurar ful suke fitowa. Wake ne manya-manya da ya kwana yana dahuwa a hankali cikin tulun ƙarfe mai ƙaramin baki. Mai sayarwa zai zura dogon ludayi ya ɗebo, ya zuba mai da gishiri da kamun (wani kayan ƙamshi, wato cumin), ya matsa lemon tsami, ya miƙo maka da gurasarsu. A tsaye ake ci, kai da direban tasi da ma'aikacin ofis. Akwai kuma ta'amiya, ƙosai ne sak, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa tare da waken. Amma abin da ya riƙe mu mu ɗalibai shi ne koshari: shinkafa, taliya, adas (wani ƙanƙanin wake), miyar tumatir, a watsa soyayyiyar albasa a sama, ga ruwan tafarnuwa da khal a gefe. Babu ko tsokar nama a ciki, amma in ka ci da azahar sai dare za ka nemi wani abu.

Alhaji Mai Atamfa, Kantin Kwari: Masar ai da sauƙi, Malam, ƙasar Musulmi ce. A Guangzhou ta ƙasar Sin ne tambayar halal take da nauyi, don ko ganye aka soya maka ba ka san da wane mai aka yi ba, kuma man alade ba baƙon abu ba ne a girkinsu. Shi ya sa yawancinmu muke komawa unguwar Xiaobei da yamma. Ka nemi koren allo mai rubutun Larabci. Nan Musulmin Sin suke yin taliyar Lanzhou, a gabanka yaro zai ja kwaɓin da hannu, ya ninka, ya sake ja har ya zama zare, ya jefa cikin tukunya, a zuba maka romon naman sa. 'Yan ƙabilar Uygur kuma suna gasa naman rago a tsinke kan gawayi, da kamun da barkono. Babu ƙuli-ƙuli, amma naman yana da laushi ƙwarai.

Mai Jinya, Delhi: Ni shawarata kan ruwa ce. Lokacin da na raka mahaifiyata asibiti na ɗanɗana pani puri, wasu ƙananan soyayyun ƙwallaye da ake hudawa a cika da ruwan tsamiya da na'a-na'a. Daɗi kam akwai, amma cikina ya ɗauki kwanaki bai daidaita ba. Kebab ɗin layukan da ke kewaye da Masallacin Jama kuwa na ci hankali kwance, don daga wuta yake zuwa hannuna. Hajiya, ki ce masa duk abin da ba a dafa a gabansa ba ya dakata tukuna.

Hajiya daga Nima, Akara: 'Yar'uwa, da nan Gana zai zo da ban ce komai ba. Da safe koko da ƙosai, da hantsi waakye, shinkafa da wake da aka dafa da karan dafi har ta yi ja, a zuba shito (miyar yajinsu) da gari da taliya da ƙwai, a ƙunshe a ganye. Inda kika ga layi ya yi tsawo, nan za ki tsaya.

Ɗan Kasuwa, Istanbul: Simit, zagayayyen burodi mai riɗi da ake sayarwa a jajayen kurori, da shayi. Da yamma kuma gasasshen kifi cikin burodi a Eminönü, gindin gadar Galata.

Tsohon Ɗalibin Azhar: Maganar ƙanwata ta Delhi gaskiya ce, har a Masar. Ɗanyen salak da ake ɗorawa gefen ful ya bar shi sai cikinsa ya saba da ruwan garin. In kuma mai son yaji ne, ya ce wa mai koshari ya ƙara masa shatta, don yadda suke zubawa ba ya isar ɗan Kano.