Inaso in bude karamin kamfanin waka a Jidda, ta ina zan fara?

Dan_Karantina:

Slm yan uwa, dan Allah masu sani a taimaka min da shawara. Ni haifaffen Jidda ne, iyayena yan Katsina, da rana ina shagon gyaran waya da dare kuma ina hada kida a dakina. Ba wani studiyo bane na azo a gani, laptop ce da makirfo daya sai soson katifa da na lillika a bango saboda makwabta. Akwai yara uku da suke zuwa wajena, daya wakar biki yake, daya bege da mandiri, na ukun kuma rap yake yana cakuda Hausa da Larabci irin yadda muke magana a unguwa. Wakoki 14 muka yi duk a WhatsApp suke yawo, har wani ya dauki daya ya dora a YouTube dinsa mu ko halala bamu gani ba, shine nace gara mu yi suna daya da tambari mu rika fitar da kayanmu da kanmu. Ni igama (takardar izinin zama) gareni, amma wani abokina mai jinsiya, wato dan kasar Saudiyya, yace a bude sijil tijari (rajistar kasuwanci) da sunansa ni in rika gudanarwa. Ya kuke gani? Sannan ya ake sa waka a Spotify da Anghami, kuma kudin in ya zo ya ake rabawa?

Baba_Shara_Mansur:

Wa alaikumus salam dana. Maganar abokin nan naka ita ta tsaya min a rai. Abin da ya kawo maka sunansa tasattur, ya'ni dan kasa ya ba da suna bako ya rike kasuwa, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta ce daurin zai iya kai shekara 5, tara har riyal miliyan 5, kai kuma da ba dan kasa ba tarhil ne zai biyo baya, ka je Katsinar da watakila sau biyu ka taba gani. Ko hukuma bata kama ku ba, ran da kuka bata wa ke da kamfanin? Shi. Na ga wanda ya yi shekaru yana tara shagon dinki a haka, da mai sunan ya rasu magada suka zo da takarda suka sa kwado. Zanen aro baya rufe katara.

Ban ce kar ka yi waka ba, zamani ya canza. Tun 2016 da aka kafa hukumar nishadi aka rage wa yan hai'a (hisbar Saudiyya) karfi, a 2020 har hukumar kida aka yi karkashin ma'aikatar al'adu. Amma kofar da aka bude wa kida ba ita aka bude wa mai igama ya yi kasuwanci ba, wannan sai an bi ta ma'aikatar zuba jari.

Injiniya_Riyad:

Baba ya gama magana a kan sijil. Ni dai ƙanina zan ce maka ba ka buƙatar kamfani kafin waƙarka ta hau Spotify. Dillalai ne ke kaiwa, irin su DistroKid da TuneCore da CD Baby, ka loda sau ɗaya su rarraba. DistroKid kuɗin shekara ake biya, in ka daina biya sai su sauke waƙoƙin, kuma ƙaramin tsarinsu na mawaƙi ɗaya ne, kai mai mutum uku da kake son sunan kamfaninka ya fito sai ka hau na sama. CD Baby sau ɗaya kake biya kan kowace fitarwa amma suna cire 9 cikin 100 na abin da ya shigo. Kafin ka biya ka duba suna kaiwa Audiomack da Boomplay, don mutanenmu na Kano da Kaduna can suke, Anghami na Larabawa ne, mai rap ɗinka ne kawai zai amfana da shi. Kowace waƙa za a ba ta lambar ISRC mai harafi da lamba 12, ka rubuta ka ajiye, ran da za ka canza dillali da ita za ka tafi.

Kuɗi kuma kar ka sa rai da wuri. Tun 2024 Spotify ba ya biyan waƙar da ba ta kai sauraro 1000 cikin wata 12 ba, kuma sauraron ɗan Najeriya bai kai na ɗan Saudiyya ko Amurka daraja ba saboda kuɗin rajistar Spotify a Najeriya ƙasa yake. YouTube sai ka tara mabiya 1000 da awa 4000 na kallo kafin a fara raba maka kuɗin talla. Akwai fom na haraji W-8BEN, da Najeriya da Saudiyya duk ba su da yarjejeniyar haraji da Amurka, abin da ya fito daga can ana cire 30 cikin 100.

Shi wanda ya ɗora muku waƙa ka tura ƙorafin haƙƙin mallaka ta fom ɗin YouTube, kyauta ne, amma fa in kiɗan naka ne tun daga tushe. In a intanet ka sauke bit, wato kiɗan wani, ka ɗora murya, ka yi shiru abinka. In kuma suna kake so a hukumance, CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ana rajista ta intanet da NIN, sai dai wannan takardar ba ta ba ka izinin buɗe shago a Jidda ba.

Anti_Ummi:

Hhhh ku kuna ta lissafin sauraro dubu. Yaro ni shekara da shekaru ina bin tagagat, mata mawakan biki, gidajen biki daga Sabil har Makka, kudin waka a wajenmu a biki yake wlh, uwar amarya zata biya a yi wa yarta waka da sunanta da na dangi kaf a saka a ga'a (zauren biki) ran zaffa, wato rakiyar amarya, a take zata tura maka ba jiran wata uku ba, in ta yi dadi kawayenta su yada a Snapchat kafin sati ka samu biyu. Ka rike mai wakar bikin nan da kyau shine zai ciyar da sauran. Kuma ku rubuta takarda tun yanzu da ba komai, wa ke da sautin da aka dauka, wa ya rubuta baiti, kowa kaso nawa, shekara nawa zai yi da kai, ku sa hannu gaban manya biyu. Yaran nan ran da TikTok ta daga daya sai kaji yace ai muryarsa ce, kai danna kwamfuta kawai kayi.

Maiurno_Madina:

Tambaya daya ya akhi, mai begen ya san tambari daya zaka lika masa da mai rap? Mu a Sudan masu sauraron madahu daban suke, nan ma haka, wani in ya bude tasha ya ga an hada yabon Manzo SAW da wakar soyayya bazai dawo ba. Ka raba musu tasha.

Dan_Karantina:

Nagode kwarai Allah ya saka. Baba maganar sijil kalas na barta, zan fada masa yau. Yaya Injiniya wakoki 9 kidana ne, sauran 5 din kam saukewa nayi, harda wadda aka sace din 😭 sai dai in sake mata kida. Dan uwa na Madina wlh ban tambaye shi ba, bayan isha zai zo. Anti ko kina da samfurin takardar, kuma da Larabci ya kamata a rubuta ko Hausa ma ta isa? Daya daga cikinsu baya karanta boko.