Ni da ke fili tun asuba aka ajiye a benci

Ɗan Bolari: Jama'a, ku yi mana hukunci. Wata bakwai ke nan ina fita filin ƙwallon kwando tun asuba, jifa ɗari uku nake yi kafin rana ta ɗaga. Tafin hannuna duk kanta, simintin nan ya cinye min takalmi biyu. Jiya aka fitar da mutum biyar da za su fara wasa, koci ya ɗauki wani dogo da ba ya zuwa atisaye sai ya ga dama, ni kuwa benci. Na faɗa na kuma, ƙwallon kwando naci ne, ba tsawo ba.

Na Tumfure: Tun asuba? Sallar fa, ita ma a kwandon kake jefa ta?

Ɗan Bolari: Haba Malam, tun asuba na ce, ban ce a madadin asuba ba.

Na Tumfure: Tun asuba na nufin ana kiran assalatu kana fili. Hausa ba dabo ba ce.

Yaya Babba: A'a. Wanda ya fito masallaci ya wuce gona ma ai cewa ake ya tafi tun asuba. Kada ka ƙaƙaba wa yaro abin da bai faɗa ba.

Na Tumfure: Gona daban, Yaya. Daga gona da dawa ake dawowa.

Mai Tamaula: Ni duhun ne ya dame ni. Da tocilan waya kake hango kwandon?

Ɗan Jekadafari: Ku bar haɗa addini da wannan. Hakeem Olajuwon da azumi a bakinsa yake buga wasa. A Fabrairun 1995, cikin Ramadan, shi aka ba gwarzon wata na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kuma ya ɗauki kofi da Houston a 1994 da 1995.

Mai Tamaula: Ƙafa bakwai ne fa tsawonsa, ka zo taimako ka kayar da mai ƙara. Kuma gola ne a Legas kafin ya taɓa kwando, namu ne kuka ara.

'Yar Pantami: Muggsy Bogues ƙafa 5 da inci 3 ne, ya yi kaka 14 a NBA. Wannan ce maganar da yaron ya kawo.

Na Wunti: Dama ku Gombawa kun san asuba? Ku zo Bauchi ku ga yadda 'yan ƙungiyarmu ta Nets ke atisaye.

Ɗan Jekadafari: Ka taɓa zuwa kallonsu ko sau ɗaya?

Na Wunti: Maƙwabcinmu ya je.

Ɗan Jekadafari: To mu Bulls gare mu, ku je ku ci masarku.

Na Wunti: Jiya-jiya, 1996, aka yanke muku cibiya daga jikinmu, har kun yi bakin magana?

Yaya Babba: An yaye mu, kuma ba mu rame ba.

Na Tumfure: Har yanzu dai bai faɗi masallacin da yake salla ba.

Shugaban Zaure: To, ya isa haka. Abin da aka cim ma: kowa ya yarda "tun asuba" na nufin bayan salla, kamar yadda ni ma na fahimta tun farko. Na Wunti ya kasa kawo shaida, don haka Gombe ce a gaba. Batun koci kuwa, yaron da ya ɗauka ɗan ƙanwata ne, na san shi, ba malalaci ba ne. Na rufe.

Ɗan Bolari: Au, ɗan ƙanwarka ne?