Satyagraha da Hausa: ku taya ni neman kalma

Assalamu alaikum jama'a. Ina haɗa wa ɗalibaina darasi kan yadda Indiya ta ƙwaci kanta daga hannun Turawan Ingila, sai na zo kan kalmar satyagraha, wato sunan da jagoransu Mahatma Gandhi ya ba salon gwagwarmayarsa ta ƙin bin dokar zalunci ba tare da ɗaukar makami ba, na tsaya cak, kwana biyu kenan. Da farko na rubuta "zanga-zangar lumana" amma wallahi raina bai kwanta ba, shi ne na tambaya a nan, wasunku suka kawo min kalmomi.

Abin da ya sa na dage shi ne ita kanta kalmar nemo ta aka yi kamar yadda muke yi yanzu. Lokacin Gandhi yana Afirka ta Kudu ne, bayan dokar 1906 da ta tilasta wa Indiyawa yin rajista da dangwala yatsa, sunan da Turawa suke kiran gwagwarmayar tasu da shi bai yi masa ba don yana nuna kamar makamin marasa ƙarfi ne, sai ya sa gasa a jaridarsa Indian Opinion. Ɗan'uwansa Maganlal ya kawo sadagraha, shi kuma ya gyara ta ta koma satyagraha. Satya gaskiya kenan, agraha kuma riƙo da ƙarfi, nacewa. To kun ga a zanga-zangar lumana babu gaskiyar, babu riƙon.

Malam da ya kawo "haƙuri", Allah ya ƙara girma, na fahimci inda ka dosa, amma mai haƙuri zama yake yi yana jiran sauƙi. Su kuwa mutanen nan tashi suka yi. Ran 12 ga Maris 1930 Gandhi ya fita daga mazauninsa na Sabarmati da mutum 78, suka taka a ƙafa kwana 24, wajen kilomita 385, har bakin teku a Dandi, ya duƙa ya ɗebi gishiri da hannunsa da gangan, don dokar Turawa ta ce gwamnati kaɗai ke da ikon yin gishiri da sayar da shi, ga haraji a kai, har talakan da ke kwana a bakin teku sai ya saya. Mutane suka bi sahu ko'ina, aka ɗaure wajen dubu 60. Wannan ai karya doka ce ido na ganin ido.

Shi ya sa wasu suka ce to a sa "bore" ko "tawaye". Nan ma ban yarda ba. Da ka ce tawaye Bahaushe makami yake gani, irin na 1857 da sojojin Indiya suka juya wa kamfanin Turawa bindiga. A 1922 da masu zanga-zanga suka ƙona ofishin 'yan sanda a Chauri Chaura 'yan sanda 22 suka mutu, Gandhi dakatar da gwagwarmayar ya yi gaba ɗaya, alhali tana kan ganiyarta, har abokan gwagwarmayarsa su Nehru da ke kurkuku ransu ya ɓaci. Mutumin da ya yi haka kuwa a kira abinsa tawaye, an zalunce shi.

Hajiya ce ta kawo wadda ta tsaya min a rai, "turjiya". Na gode ƙwarai Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ku duba yadda muke faɗa, an ja shi ya turje, bai kai duka ba, bai gudu ba, kuma bai matsa ba. Ga Dharasana a watan Mayun 1930, Gandhi na tsare, Sarojini Naidu, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar, ta ja mutane zuwa inda ake yin gishiri, 'yan sanda na rotsa musu kai da kulki, sahu ya zube wani sahun ya matso, ko hannu ba sa ɗagawa su kare kansu. Duk lokacin da na karanta wurin nan sai tsigar jikina ta tashi. Turjiya ce wannan, ba ni da wata kalmar.

Sai dai turjiya ita kaɗai ba ta isa ba, don jaki ma yana turjewa, azzalumi ma yana turjewa. Dole gaskiyar ta shigo. Na so "turjiyar gaskiya" don ta fi daɗi a baki, amma wani ɗan'uwa ya ce yaro zai iya ɗauka ana nufin turjiya ta haƙiƙa, ko ma turje wa gaskiya, kuma maganarsa tana kan hanya.

Don haka a darasin "turjiya kan gaskiya" zan rubuta, in kawo satyagraha sau ɗaya a farko don su san asalinta. Saura mai yin ta, wanda su suke kira satyagrahi. Ni "ɗan turjiya" nake gani, jam'i 'yan turjiya, amma kun ga gaskiyar ta sake zamewa. Ran Litinin zan shiga ajin, wanda yake da wadda ta fi ya ajiye min a ƙasa.