Rubutun menu yana rawa a talabijin, ga faifan biki da za a karɓa Juma'a

Sabon Edita: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa bidiyon wani biki, faifan DVD 20 za a karɓa ranar Juma'a. A kwamfuta komai lafiya lau. Da na kai gwaji gidan uwar amarya, talabijin ɗinta irin ta da ce mai ƙeya, sai ga sunan ango da amarya yana karkarwa, siririn layin da na zagaye hotonsu da shi ma yana ƙyafta-ƙyafta. Bidiyon kansa ba ya yi, menu ɗin ne kawai, wato shafin zaɓi da ke fara fitowa in an sa faifan. Tsarin hoton talabijin na PAL na sa, faɗi 720 da tsayi 576. Na riga na buga 6. In sake menu ɗin ne, ko in cire shi faifan ya riƙa farawa da kansa?

Ɗan Fagge: Wa alaikumussalam. Duba da kyau, NTSC ka sa, tsarin Amurka. Mu nan PAL muke.

Sabon Edita: Yallaɓai ai na faɗa a sama, PAL ne.

Mai Kyamara: Faifan ne. Ka rage gudun bugawa zuwa 4x.

Baban Situdiyo: Yaro, kada ka kuskura ka kai shi haka. Irin wannan ta taɓa samuna a bikin ɗiyar wani mai hali. Faifai 50 na buga, rubutu ja siriri a kan fari, a ganina na ƙawata. Aka sa a falo gaban surukai, sunan amarya yana tsalle, wata tsohuwa ta ce idonta na ciwo a kashe. Washegari aka maido min da su a leda, cikon kuɗina kuwa har yau. Abin da ya fi ƙona min rai, bikin ƙannenta uku duk wani aka ba. Kwana huɗu na yi ban yi barcin kirki ba a kan aikin nan.

Malamin Kwamfuta: Allah ya mayar da alheri, Baba. Sabon Edita, ba faifai ba ne. Tsohuwar talabijin rabi-rabi take zana hoto: layukan mara, sannan na cika, sau 50 a daƙiƙa. Layin kwance mai kaurin ɗigo 1 (pixel, ƙwayar hoto mafi ƙanƙanta) yana faɗawa a rabi guda ne kawai, sai ya riƙa bayyana yana ɓacewa. Ka ƙara kaurin layin ya kai ɗigo 3 ko 4, ka sa rubutu mai ƙiba marar ƙananan jeloli, girman 24 zuwa sama. A Photoshop ka ɗan dusashe hoton daga sama zuwa ƙasa da ɗigo 1. Farin kada ya wuce 235 a ma'aunin haske na 0 zuwa 255, ja mai ƙarfi kuma ka rage shi. Aikin awa ɗaya ne.

Mai Kyamara: Malam, wannan karatun aji ne. Biki nawa ka taɓa ɗauka?

Malamin Kwamfuta: Ko ɗaya. Amma faifai marar kyau maƙalewa yake yi, ba ya zaɓar rubutu ya girgiza.

Hajiyar Hotuna: Ni na gwada dusashewar, ta yi min aiki, sai dai fuskar amarya ta ɗan yi dishi-dishi. Rubutun da layin kawai za ka yi wa. Akwai wanda ya gyara min nawa na farko a 2,000.

Ɗan Fagge: 2,000? Ni 7,000 aka ce min.

Na Gwaggo: Ku ce wa uwar amarya sunayen ma rawar biki suke takawa 😂

Sabon Edita: Na gode Malam da Hajiya. To guda 6 da na buga fa, in haɗa da su ko in zubar?

Baban Situdiyo: Kafin nan, nawa suka ba ka kafin alƙalami?

Sabon Edita: Rabi, Baba.

Hajiyar Hotuna: Kai ma ka yi sa'a. Ni yanzu sai an gama buga faifai tas, a ce a tura musu a waya, faifan kuma ba su ce a yi ba.

Baban Situdiyo: Su ne kuma za su dawo bayan shekara biyu, wayar ta ɓata, suna tambaya ko kana da kwafi.

Mai Kyamara: Ni wata uku nake ajiyewa in goge. Ku wata nawa kuke yi?